Gaisuwar da Nake Kunna wa Mma

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

An ɗauke wuta, waya ta mutu, keken ɗinki ya yi shiru. Shi ya sa nake rubutu. Da wayar tana da rai ba zan zauna ba, na san halina.

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Mma ta idar da lazimi ta ce, kamar kullum, "Ramatou, yayanki ya gaishe ni?" Na duba, babu sabon saƙo. Tun Alhamis babu. Na ce mata rezo ne, wato layin waya bai kama ba, washegari na ce rezo, jiya ma rezo, har kalmar ta tsufa a bakina. Yau sai yatsana ya haura sama cikin tsofaffin saƙonnin muryarsa, na danna wani na watan jiya.

"Salamu alaikum Mma, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Muna hanya, lafiya lau. A sa mu a addu'a."

Ta ce alhamdu lillahi, ta shafa fuska, ta shanye kokonta har ta nemi ƙari.

Yaya Ayouba tirela yake ja daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai, kuma tun da ya sayi waya mai shafawa bai taɓa fashin gaida Mma da safe ba. Ita kuwa yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin rubutun waya, ni nake kunna mata, ni nake danna mata ta mayar da amsa. Ga hawan jini. Da ta faɗi bara likita ya ja mana kunne, ya ce kada a kawo mata labarin da zai girgiza ta. To ban kawo ba. Gaisuwar safe ai ba ta canjawa, ta bara da ta bana duk ɗaya ce, kuma amsarta kullum lafiya lau.

Na yau kawai. Gobe zai kira.

Talata, 7 ga Mayu, bayan Azahar

Amsar da Mma ta aika masa tana nan da alama ɗaya mai ruwan toka. Ba ta shiga wayarsa ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

Na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa garejin manyan motoci neman Muniru, abokin Yaya, wanda shi ma direba ne. Da can in ka shiga wurin nan hayaniya ce ke tarbarka, musu da dariya da ƙarar kofin shayi. Yau na tarar da maza cike da benci a ƙarƙashin rumfa, kowa ya sunkuyar da kai a tafin hannunsa. Na yi sallama sau biyu kafin wani ya amsa, shi ma bai ɗago ba.

Muniru ya ja ni gefe. Yana magana yana kallon wayarsa, ni ma ina saurare ina kallon tawa, kamar amsar za ta faɗo daga ciki.

"Konbuwa ɗaya suka shiga, ayarin motoci, bayan Sinkase can bakin iyaka," ya ce. "Waɗansu motoci sun isa. Waɗansu ba su isa ba tukuna."

"Tasa fa?"

"Ana bincike, ƙanwata. Wajen babu rezo. Kada ki gaya wa Hajiya komai sai an tabbatar."

Na ce to. Na so in tambaye shi me ake jira a tabbatar, amma wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu ya juya baya. Na yi masa godiya a raina da ya juya.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

An turo bidiyon ayarin motocin a guruf ɗin matan unguwa. Na ce ba zan buɗe ba. Na buɗe. Ba zan rubuta abin da ke ciki ba.

Lahadi, 12 ga Mayu, da safe

Abin ya zama aiki. Kafin Mma ta idar da lazimi nakan sa abin kunne in shiga tsakar gida ina tankaɗe tsofaffin saƙonninsa. Wanda ya ambaci gari ba ya yi. Wanda ya ce gobe zan shigo ba ya yi. Sai wanda babu komai cikinsa sai gaisuwa zalla, kuma abin kunya, su suka fi yawa.

Shekaru ina kunna saƙonnin nan ban taɓa sauraron su ba, sai yanzu. Ina dannawa ne in miƙa wa Mma, ido na yana kan wani abu. Ashe akwai injin mota a bayan muryarsa. Akwai wani mai dariya da ban san ko wane ne ba. A wani na watan Janairu, bayan ya ce a sa mu a addu'a, ya ja numfashi kamar zai ƙara magana, sai saƙon ya yanke. Na maimaita wurin nan har kunnena ya yi zafi. Me za ka ce, Yaya?

Mma kuwa amsa take ba shi da gaske. Ta ba shi labarin rufin kicin da ke yoyo, ta ce ya taho mata da kilishin Yamai mara yaji, ta tuna masa cewa matarsa Umaima ta shiga watanta. Sannan ta rufe da abin da take rufewa da shi tun yana karen mota: "Allah ya tsare hanya, Allah ya yi maka albarka." Ina riƙe mata wayar a bakin leɓe, ina kallon bango.

Talata, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Duk unguwarmu ta Zongo ta sani, ban da mace ɗaya, kuma a ɗakinta nake kwana.

Mata sun fara zuwa gaida ta, fiye da yadda aka saba. Ba su ce sun zo jaje ba, ai ba a ce komai ba tukuna. Sukan shigo, a yi ina wuni, ya jiki, ya jikoki, sai magana ta ƙare, kowa ta zaro wayarta daga cikin hijabi. Na gane abin da suke yi don ni ma shi nake yi. Wanda ke kallon waya ba a tambayarsa me ya sa idonsa ya yi ja.

Da suka tafi Mma ta ce, "Matan yanzu dai sai a hankali. Su cika maka ɗaki, ka ji kamar kai kaɗai ne. Ke ma kin zama irinsu, Ramatou. Ina jin numfashinki, amma ba kya nan."

Na yi dariya na ce ina amsa wa masu ɗinki ne. Ba wanda nake amsa wa. Sunan Yaya nake kallo, da ƙaramin hotonsa a jikin ƙofar mota.

Laraba, 15 ga Mayu, da rana

Muniru ya kira. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Wace riga ya sa ranar da ya tashi?"

Ban tambaye shi dalili ba.

Ranar ina nan. Ya shigo sallama da Mma, a gurguje, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa yana faɗa da mai fitar da kaya a tasha. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, Mma ta lalubo kansa ta dafa tana addu'a, shi yana cewa "wi, wi, ina zuwa" da wancan, yana cewa amin da ita. Ni ina bakin ƙofa ina ɗora hotunan hijabai don masu saye su gani. Ya wuce ta gabana ya daki kafaɗata ya ce, "Madam tela, sai na dawo." Na ce Allah ya kiyaye. Ban ɗago ba.

Ni tela ce. Mace ta wuce a kan babur sau ɗaya, zan faɗa maka yadinta da irin ɗinkin wuyanta. Amma ban san rigar da ɗan'uwana ya sa ba. Na kira Umaima a gidan iyayenta a unguwar Agbalépédo, inda ta koma jiran haihuwa. Ta ce tana jin shuɗiya ce, ko kuma ruwan ƙasa, sai ta fashe da kuka. Na ce wa Muniru ba mu sani ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, da safe

Alama ɗaya.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Na kusa tona wa kaina asiri. Na makara, ban tace saƙon ba, na danna wanda hannuna ya faɗa. Sai ga muryarsa garau: "Mma, ina kwana, ya ibada? An sha ruwa lafiya jiya?"

Mma ta karkato kai. "Shan ruwa kuma? Azumi ai ya wuce."

Na ce ramuwa yake yi, kin san direbobi da ajiye azumi a hanya. Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ban yi ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce, "To ni yake tambaya ko na sha ruwa, ko shi?" Na ce ai kin san Yaya da shirme. Ta yi murmushi kaɗan, ba irin wanda ta saba ba.

Sannan ta ce, "Na yi masa maganar kilishi, na yi masa maganar rufi, bai ce uffan ba. Gaisuwa kawai. Yana jin abin da nake faɗa kuwa?"

Na ce yana ji, aiki ne ya yi masa yawa.

Yanzu keken ɗinki ma muryarsa yake yi. In na taka da sauri sai in ji muna hanya, muna hanya, muna hanya. Na ɗinke hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinke shi a baibai.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan Magariba

Umaima ta sauka. Namiji. Lafiya lau ita da shi.

Na daɗe ban ga Mma haka ba. Ta miƙe ba sanda, ta yi guɗa da muryarta da ta dishe, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ewe ta leƙo ta katanga tana tafi. Ɗan fari ne ga Yaya, bayan shekarun da aka yi ana jira ana shan maganganu. Ta ce maza in danna mata.

"Ayouba! Ayouba, Allah ya yi! Ka zama uba, ɗan nema. Ka kira ni da bakinka yau, ba saƙo ba, in ji ka ka ji ni. Kuma ka faɗi sunan da za a yi masa huɗuba, suna Litinin mai zuwa. Allah ya tsare hanya, Allah ya yi maka albarka."

Na je Agbalépédo na ga yaron. Ɗakin cike da mata, kowa na ɗaukarsa hoto. Ni ma na ɗauka na tura wa Yaya, ban san me ya sa ba. Ni da Umaima ba mu haɗa ido ba. Goshin yaron nasa ne.

Talata, 21 ga Mayu, da safe

Na duba duk abin da nake da shi. Babu saƙo ko ɗaya da mutum yake murna a ciki. Na kunna mata gaisuwa.

"Ina kwana Mma? An tashi lafiya? Muna hanya, lafiya lau."

Ta jira. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, wataƙila bai buɗe nata ba tukuna. Ta ture kokon gefe.

Laraba, 22 ga Mayu, da Azahar

Na ce mata yau babu rezo. Gara rezo.

Alhamis, 23 ga Mayu, da yamma

Ta matsa, na sake kunna wani. Da ya ƙare ta ce in danna mata, ta gyara zama.

"Ayouba, an yi maka haihuwa, uwarka ta roƙe ka ka kira, kai kuma sai ina kwana, ina kwana, kamar mai gaida maƙwabci. Me na yi maka? In wata ka samu a hanya ta ɗauke maka hankali, ka faɗa. In ni ce na gundure ka, ka faɗa. Ban haife ka don ka riƙa jefo mini gaisuwa kamar ana jefa wa kaji tsaba ba."

Na ci gaba da riƙe wayar, ina jiran ƙarshen da ta saba. Ta ce, "Na gama. Tura."

Ba ta sa masa albarka ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta sallame shi ba tare da ita ba, ko ranar da ya fasa mata tukunyar gado, ko ranar da ya bar makaranta ya bi mota. Yana can inda yake, a kan wace irin hanya ko a hannun wa, Allah kaɗai ya sani, kuma abu guda da yake da shi daga gida ni na sa aka janye. Don in kare zuciyarta na fara. Ga inda na kawo su.

Tsoro nake ji. Na rubuta shi ƙarara, ko zai ragu.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan La'asar

Na ce yau sai na zauna na yi tunani kamar mutum. Na bar wayar a kan keke, na fita bayan gida wajen bishiyar mangwaro. Ban kai ga zama sosai ba hannuna ya shiga lalubar aljihu. Na ji kamar ta yi ƙara. Na koma da gudu, babu komai, sai wata mai tambayar ko hijabinta ya yi.

Duk makonnin nan ban taɓa barin maganar ta zauna a kaina ta kai ƙarshe ba. Da ta taso sai in shafa waya, in kalli masu girki, masu rawa, masu wa'azi, har ta lafa. Ko a sallah, ina sujada kunnena yana kan tabarma inda na ajiye ta. Ban yi kuka ba tukuna. Ban samu lokaci ba, in ji ni, ni da nake kashe rabin yini ina kallon alama ɗaya.

Muniru ya turo saƙo, bai kira ba. An ga motar.

Na rubuta masa: shi fa? Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Daga baya ya turo: ba a gan shi ba. A ci gaba da addu'a.

Asabar, 25 ga Mayu, da rana

Dangin Umaima sun ce in bai kira ba, sunansa za a sa wa yaron. Na ce ba a yi wa mai rai haka.

Asabar, bayan Magariba

Mma ba ta tambayi gaisuwa ba yau. Ba ta ci abinci ba. Ta kwanta ta ba ni baya.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan Magariba

Hadari ya haɗo da La'asar, ina kwashe shanya, ta kira ni da cikakken sunana. Na tarar ta yi wanka ta ɗaura sabon kallabi, ta zauna a bakin gado a miƙe, yadda take zama in za a yanke magana.

"Danna mini," ta ce.

Na danna. Na kai mata bakin leɓe.

"Ayouba, ni ce Ajaratu da ta haife ka. Gobe sunan ɗanka. Na kira ka da daɗi ba ka amsa ba, na kira ka da faɗa ba ka amsa ba. To ka saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Nonon da ka sha a ƙirjina, in gari ya waye ba ka..."

Na ja yatsana na soke saƙon. Na kife wayar a ƙasa. Na durƙusa a gabanta a kan tabarma.

"Mma, kada ki ƙarasa. Don Allah kada ki ƙarasa. Ba shi ba ne, ni ce."

Na kama hannuwanta na ɗago na dube ta. Rabon da in kalli fuskarta haka, kusa, ba komai a tsakaninmu, na manta. Ta rame. Kumatunta sun zurma, kuma a gabana aka yi ban gani ba.

Na faɗa mata. Bakina bai iya ba da farko, kamar wanda ya daɗe bai yi tafiya ba, amma na faɗa. Ayarin motoci, da waɗanda ba su isa ba, da motar da aka gani, da shi da ba a gani ba. Na ce gaisuwar da take ji tsofaffi ne, ni nake zaɓo su. Ina magana ina jiran ta sulale, hannuna ɗaya yana shirin tare ta. Ba ta sulale ba.

Ruwa ya fara sauka a kan kwano.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon wata, Mma."

"Duk abin da na faɗa masa fa?"

"Bai shiga ba. Wayarsa a kashe take."

"Ko ɗaya bai ji ba? Har na ranar Alhamis?"

"Ko ɗaya."

Ta saki numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ne hawaye suka zubo mata. Ta ce in goge na Alhamis ɗin yanzu, a gabanta, kada ya kunna waya wata rana ya tarar da shi. Na goge. Na ce ko in danna mata ta yi masa wani. Ta ture hannuna da wayar gaba ɗaya.

"Ɗauke mini wannan. Wanda zai kai masa ba ya neman rezo."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ƙi in riƙe ta, ta lalubi hanya har bakin ƙofa. Ta tsaya feshin ruwa yana dukan zanenta, ta ɗaga murya yadda take kiransa cin abinci muna yara, har maƙwabta suka yi tsit.

"Ayouba! Na yafe maka, duniya da lahira. Ba ka yi mini komai ba. Allah ya yi maka albarka a duk inda kake."

Ta juyo, ta wuce ta gefena, ta hau darduma. Tana can tun ɗazu, ina zaune a bayanta ina wannan rubutu a kan gwiwa. Ni har yanzu ba ta ce mini komai ba.